Gurbin Sunan Ɗan Fari

Rusairis, ƙarshen Yuli 2024

Zuwa ga ɗan'uwana Muntari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Kanawan da ka shige cikinsu ka manta da mu. Raihana ce, ɗiyar Maliki na Wad Haddad, jikar ƙanen kakarka Hannatu. Na jero maka dangantakar ne don na san halinka, kana iya cewa ba ka gane ni ba, alhali ni ce na jefa maka takalmi cikin tur'a, magudanar ruwan noma, ranar bikin Huda. Taubasai muke, saboda haka ka haƙura da bakina.

Muna nan da rai, alhamdu lillahi. Tun da masu bindiga suka shigo garinmu muka baro hawwashar Baba, wato gonarsa, da dawa a tsaye, muka yi ta gangarowa har Allah Ya sauke mu gidan Kawu a nan. Hawan jinin Baba yana tashi yana sauka. Umma lafiyarta lau, sai dai ta daina magana da yawa. Ni ina taimakawa a takiyya, inda ake dafa wa nazihin abinci, wato waɗanda yaƙi ya koro aka zuba su a makarantar firamare ta unguwarmu.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a takarda. Shabaka, wato netwok, babu. Wani ɗan kasuwa ne yake da dish na intanet, mutane sun yi masa cincirindo, kana zama an ce ka tashi. Don haka nake rubutawa a gida, in ɗauki hoton takardar, in tura idan layi ya zo kaina.

An ce mini kai ka gina shafin da ƙungiyar 'yan'uwanmu na waje ta buɗe don neman waɗanda suka ɓace. Allah Ya saka. Ina cike wa mutanen makaranta istimarar da ke ciki, wato takardar bayanan wanda ake nema, amma akwai tsohuwa ɗaya da istimararka ta ƙi.

Sunanta Inna Mairama, daga Hillar Bakin Tur'a, gabas da Suki. Ita da ɗanta suka fito. A hanya ya ɗora ta bisa wata babbar mota, ya koma ɗebo mata ruwa, sai harbi ya tashi, direba ya ja. Ta iso nan cikin mutanen da ba ta taɓa gani ba, babu ko ɗaya daga hillarsu, wato ƙauyensu. Tana da ciwon suga, magani ya ƙare, ga ƙafarta ta fara rauni. Ɗan nan shi kaɗai ya rage mata a duniya.

Na zauna kusa da ita da wayata, na ce, "Inna, sunansa?"

Ta ce, "Mai sunan Malam."

Na ce, "Wane Malam?"

"Malam dai, mahaihin maigidana."

"To shi maigidan, Allah Ya jiƙansa, mene ne sunansa?"

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta ce, "Ke ɗiyar wa ta? Ba a koya miki komi ba? Ɗan hwarina na. Ba ni hwaɗin sunanai."

Ka ga inda muka tsaya. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ya ci, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Mutum ne mai furfura a gemu yanzu, amma tun ranar sunansa bakinta bai taɓa furta shi ba. Gurbin suna a istimararka kuwa yana da jan tauraro, yana neman suna uku, nasa da na uba da na kaka. Na rubuta Mai sunan Malam, ya yi ja ya ƙi. Na bar shi fayau, ya ƙi.

Don Allah ka cire tauraron nan. Ka gai da matarka idan ka samu wadda ta yarda da kai.

Ƙanwarka,
Raihana


Kano, farkon Agusta

Malama Raihana,

Wa alaikumus salam. Wallahi na gane ki tun kafin in kai layi na biyu, kuma har yau ban yafe takalmin ba. Na yi murna ƙwarai da jin kuna da rai. Na nemi lambar Baba Maliki har na gaji. Ki gaishe shi, ki ce ya rage gishiri ko da yake na san ba zai ji ba. Ki gai da Umma da Kawu. Ni ina lafiya, ba abin da ke damuna sai rashin barci da labaran gida. Mata kuwa har yanzu suna shawara.

Labarin Inna Mairama ya taɓa ni. Kakata Hannatu ma har ta rasu ba ta kira sunan babana ba. Amma bari in gaya miki yadda abin yake. Fom ɗin, wanda kuke kira istimara, ba ni na ƙirƙire shi ba. Akwai rigar shafi da ake samu a shirye, ita ke ba shi kama da launi, ni kuma na ɗauko fom daga wani wuri na dasa shi cikin zubin rigar. Duk abin da aka turo yana faɗawa rumbu guda. A nan ake gwada sunan wanda ake nema da sunayen waɗanda aka gani, a asibiti ko a sansani ko a maƙabarta. Da suna ake gwadawa. A wurin tsarin, wanda ba shi da suna babu shi. Ko na cire tauraron, Mai sunan Malam ba zai haɗu da kowa ba, don ba haka zai faɗi sunansa a asibiti ba.

Ki lallaɓa ta. Ki kira mata sunaye ɗaya bayan ɗaya, idan kin zo kan nasa ta gyaɗa kai. Ko ki duba ɗaurin zanenta, wataƙila akwai katin hawwasha ko wata takarda.

Wani abu kuma. Kin ce kina cike wa mutanen makaranta, amma na duba rumbun ban ga ko ɗaya daga Rusairis ba. Gaskiya tun watan jiya saƙonni suka ragu daga ko'ina, na ɗauka rashin shabaka ne. Kin tabbata kina danna maɓallin aikawa har ƙarshe? Wasu suna cikewa su rufe shafin, suna zaton ya tafi. Daga nan na gwada sau da yawa, yana aiki sarai.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Yayanki,
Muntari


Rusairis, Agusta

Muntari,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Baba ya ji saƙon gishiri ya ce ka zo ka hana shi. Ruwan sama ya yi yawa, ajin da Inna take kwana yana yoyo, mun matsa da tabarmarta kusa da allo.

Na karanta wasiƙarka a kasuwa a tsaye, na dawo gida raina a ɓace. Wanda ba shi da suna babu shi? Ka zo ka faɗa wa matar da take ajiye rabin kisrarta, wainar dawar da ake ba ta, kullum cikin gefen mayafi, wai ko zai iso da yunwa. Kai kana zaune ƙarƙashin fanka, kana shafe mutum da layi ɗaya. Ban san Kano tana busar da zuciya haka ba.

Kuma ni kake tambaya ko na iya danna maɓalli? Na koyar da yara lissafi kafin yaƙin nan, ya zol, in ji mutanen nan. Ina dannawa, abin ya ɗan juya, sai koren rubutu ya fito da Hausa da Larabci: Mun karɓa, mun gode. Ina nuna wa mai neman, in karanta masa, ya yi mini addu'a. Na yi wa Sabah mai neman ƙannenta biyu. Na yi wa wani dattijo makaho daga Sinja. Na yi wa mutanen da ba zan iya lissafa maka ba. Idan ba ka gan su ba, to ka duba inda ka zuba su, kada ka dube ni.

Dabararka ta kiran sunaye na gwada. Na fara da Muhammadu, Abubakar, Usmanu, ina tafiya. Ta gane abin da nake yi tun a na uku, ta juya fuska ga bango. Ta ce, "In na kaɗa kai ai na hwaɗi ke nan. Wayo za ki yi min, ɗiyar ga?" Takarda kuwa babu. Duk takardun suna cikin jakar da ke kafaɗar ɗan nata.

Na yi fushi da ita, ba zan ɓoye maka ba. Na ce, "Inna, duniya ta kife, gidaje sun ƙone, ke kina nan kina riƙon kunya?" Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Sun amshe gida, sun amshe awaki, sun amshe gona. Wagga ita ɗai ta rage da ban ba kowa ba." Na tashi na koma wurin tukunya.

Ga abin da ta yarda ta faɗa: dogo ne, baƙi, yana ɗingishi da ƙafar hagu tun da tarakta ta taka shi, yana noman auduga da dawa, matarsa ta rasu ba su haihu ba. Idan rumbunka ba ya karɓar irin wannan, ka rubuta a bangon ɗakinka.

Ƙafar tata ta kumbura har ƙauri. Likitan da ke zuwa makaranta ya wanke ya ɗaure, ya ce abin da take buƙata babu shi a garin nan.

Raihana


Kano, Agusta

Raihana ƙanwata,

Salamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku da sauƙi, musamman Inna. Maganar da ta ɓata miki rai, na'ura nake nufi, ba ni ba. Amma na sake karantawa na ga yadda ta fito, ki yi haƙuri. Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma gara ki ji daga bakina.

Ke ce da gaskiya. Koren rubutun da kika faɗa shi ya tsayar mini da zuciya, domin fom ɗina ba kore yake amsawa ba, lamba yake bayarwa. Na fita daga shafin a matsayina na mai kula da shi, na ari wayar mai shagon da ke ƙasan benenmu, na shiga kamar kowa. Na cike, na danna. Mun karɓa, mun gode. Na hau sama da gudu na buɗe rumbun. Babu komai.

Ga abin da ya faru. Kowane shafi yana da sikirif, wato 'yan umarnin da ke gaya wa maɓalli abin da zai yi idan an taɓa shi. Rigar shafin tana da nata, fom ɗin yana da nasa. Lokacin da mutanen Suki suka watse, aka yi ta kuka cewa shafin yana da nauyi, ba ya buɗuwa a shabaka mai rauni. Sai na kunna wani saiti da ke cure dukkan sikirif wuri guda don ya yi sauƙi. Da aka cure su, na fom ɗin ya ci karo da na rigar ya mutu tun kafin ya fara aiki. Rigar kuma tana da wani ɗan akwati na masu son a riƙa aiko musu da labarai, wanda ban taɓa amfani da shi ba. Umarnin wannan akwatin ne ya kama maɓallin aikawa. Ana dannawa, sai ya share abin da aka rubuta, ya fito da godiya. Ni da hannuna na fassara godiyar nan ranar da na kafa shafin, ban ma san inda za ta fito ba.

Abin da ya rufe mini ido shi ne, saitin ba ya taɓa mai kula da shafi. Ni da 'yan kwamiti muna ganin komai daidai. Duk gwajin da na ce miki na yi, a inda babu ciwon na yi shi.

Na kwana biyu ina tono ko saƙonnin sun maƙale a wani wuri. Ba su maƙale ba, ba su ma baro wayoyin mutane ba. Tun farkon Yuli har shekaranjiya, duk wanda ya nemi ɗan'uwansa ta shafin nan, iska ya yi wa magana. Ban san su wane ne ba, ban san yawansu ba, ba ni da hanyar ce musu su sake. Na sa sanarwa a saman shafin, amma wanda aka riga aka ce masa an karɓa, me zai dawo da shi?

Yanzu na kashe saitin, na cire akwatin labaran daga zubin gaba ɗaya, na gwada da wayoyin mutane daban-daban. Na kuma cire jan tauraron, na ƙara gurbi na yadda ake kiran mutum a gida da na kamanninsa. Wannan ni zan riƙa karantawa da idona.

Ki sake tura na kowa. Idan wayarki ta nuna miki tsohon fom, to tsohon hoton shafin ne ta ajiye, ki shiga saitin manhajar ki goge abin da ta adana. Idan ba ki ga lamba ba, bai tafi ba.

Ki faɗa wa Sabah da dattijon nan cewa laifina ne, ba naki ba.

Muntari


Kano, Satumba

Raihana,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Na ga alamar kin buɗe wasiƙata, daga nan shiru. Saƙonni sun dawo suna shigowa daga Gadarif da Kasala da sauran wurare, amma daga Rusairis ko ɗaya. Ban sani ba ko fom ɗin ne ya sake lalacewa ta wajenku, ko fushi kike yi, ko wani abu ya same ku. Idan fushi ne, kina da hakki, ki zage ni amma ki turo sunayen. Idan ba za ki iya rubutu ba, ki aiko ko da ɗigo ɗaya in san kuna nan. Yaya ƙafar Inna?

Muntari


Rusairis, tsakiyar Satumba

Yaya Muntari,

Wa alaikumus salam. Muna nan. Ba fushi ba ne, ko in ce ba fushi kaɗai ba. Ruwa ya yanke hanya, mai ya ƙare a garin, injin mai dish ya tsaya. Baba ya yi zazzaɓi ya tashi. Ƙaramar ɗiyar Kawu ma haka.

Na faɗa wa mutanen makaranta abin da ka ce. Ban ce laifinka ba ne, ban ce nawa ba ne, na ce saƙon bai je ba. Sabah ta ci gaba da tankaɗe. Wasu sun riga sun wuce Damazin ko sun nufi iyaka, ban san inda zan same su ba. Dattijon nan makaho ya rasu kafin wasiƙarka ta zo. Yana ta cewa yaransa suna hanya, tunda an karɓi takardarsa.

Da dish ya dawo na je da sassafe, na buɗe shafin, sai ga jan tauraron yana nan daram. Na nemi wurin gogewar da ka faɗa, wayata da Larabci take, sunayen ba su yi kama da naka ba. Ina cikin lalube aka ce lokacina ya cika. Na dawo makaranta kamar in yi kuka. Inna ta ga fuskata ta ce, "Ya ƙiya kuma?" Na ce ya ƙi.

Ta rame ƙwarai, Yaya. Ƙafar ta yi baƙi, warin yana korar yara daga ajin. Ta daina ajiye kisra, ita kanta ba ta ci.

Washegari da hantsi ina rabon koko ta aiko a kira ni. Ta sa matan da ke kusa su fita. Ta ce in matso. Na durƙusa, ta kama wuyan rigata ta jawo kunnena dab da bakinta. Na ji tana ta motsa leɓe, abin ya ƙi fita, kamar mai ƙoƙarin haɗiye ƙaya. Sannan ta ce, "Attahiru."

Ta sake ni, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban tambaye ta sunan mijinta ba, ba zan iya ba. Na yi ta matsa mata tsawon makonni, amma da ta faɗa sai na ji kamar na tuɓe tsohuwa a kasuwa.

Na koma wurin dish na roƙi mai shi ya ara mini tasa wayar. A tasa sabon fom ne ya fito, babu tauraro. Ka ga ashe ko ba ta faɗa ba, zai wuce. Na tsaya ina kallon gurbin, sannan na rubuta. Attahiru, kakansa ma Attahiru, Hillar Bakin Tur'a, ɗingishi a hagu, uwarsa Mairama tana makarantar firamare a Rusairis. Ya ba ni lamba. Na sake tura na duk wanda ya rage.

Ka duba da sauri. Ba na jin tana da sauran kwanaki masu yawa.

Ƙanwarka,
Raihana


Kano, Satumba

Raihana,

Salamu alaikum. Na gode wa Allah da kuke lafiya. Saƙonninki duka sun iso. Ki ce wa Sabah akwai wani yaro a Kasala da ya yi kama da ƙaramin ƙanenta, ina bin sawu.

Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Na same shi. Attahiru Salih Attahiru, Hillar Bakin Tur'a. Sunan ya shigo cikin makon da na gyara fom ɗin, a ɓangaren waɗanda suka rasu. Wani mai suna Mustafa ne ya turo daga Gadarif, ya bar lambarsa, na kira shi don in tabbatar. Ya ce dogo ne, baƙi, mai ɗingishi. Tare suka yi dako a kasuwar hatsi, tare suke kwana a rumfa. Kwalara ce ta kama shi a tsakiyar Agusta, bai jima ba. Mustafa yana cikin waɗanda suka yi masa salla suka binne shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Akwai sauran magana, na so in riƙe amma ba ni da ikon riƙewa. Mustafa ya ce tun da Attahiru ya isa Gadarif ba shi da zance sai na uwarsa. Wani ya nuna masa shafinmu. Duk ranar da ya samu shabaka sai ya sa a cike masa, ya rubuta sunanta da hillarsu da irin motar da ya ɗora ta. Kowane lokaci ana ce masa an karɓa, an gode. Mustafa bai san komai game da matsalar ba, yana ma yaba mana. Na bar shi ya gama, na gaya masa gaskiya. Sai ya kashe wayar.

Raihana, a lokacin da kika rubuto mini wasiƙar farko yana da rai. Kin faɗa mini sunanta da hillarsu. Da saƙonsa ɗaya ya shigo, da na haɗa su a ranar, ba tare da ta buɗe baki ba. Da aƙalla sun ji muryar juna.

Ban san ko ya kamata a faɗa mata ba. Ke kike ganinta. Duk abin da kika yanke, na bi.

Muntari


Rusairis, ƙarshen Satumba

Yaya Muntari,

Wa alaikumus salam. Mutanen gida suna lafiya, suna gaishe ka. Baba ya ce a yi maka ta'aziyya kamar kai aka yi wa rasuwa, don ya ga yadda ka rubuta.

Na yini da wasiƙarka ban je makaranta ba. Umma ce ta ce, "Uwa ce, hakkinta ne. Je ki, ki tafi da liman." Ban tafi da liman ba, na tafi ni kaɗai bayan la'asar.

Na same ta a jingine da bango, an gyara mata ɗaurin ƙafa. Na gaishe ta, na zauna, na rasa ta inda zan fara. Ita ta fara. Ta ce, "An gane shi?"

Na ce, "An gane shi, Inna. A Gadarif."

"An yi mai salla?"

Ban ce ya rasu ba, wallahi ban kai ga faɗa ba. Na ce an yi masa, mutanen kirki ne suka binne shi. Ta yi salati a hankali, ta shafa fuska. Hawaye bai zo ba, ina jin jikin ba shi da sauran ruwa. Na ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba kowa. Ke kina tsammanin da yana bisa ƙasa bakina na iya kiran sunanai? Ran da na hwaɗa miki, na riga na ji a jikina babu wanda za ni ji ma kunya."

Yara suna wasa a filin makaranta, ana kiran a kawo kwanuka. Can ta ce, "Ya biɗe ni?"

Na ce, "Ya neme ki, Inna. Kullum. Ta irin wannan istimarar da nake cike miki."

"Mi anka ce mai?"

Na yi niyyar in faɗa mata duka, da sikirif ɗinka da akwatin labarai da komai. Bakina ya ce, "An ce masa an karɓa, an gode."

Sai na ga fuskarta ta saki, karo na farko tun da na san ta. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Ya kwanta da sanin saƙonai ya iso gare ni. Ki yi ma yaron ga na Kano godiya."

Ta nemi koko, ta sha kaɗan. Har yau da nake rubutu tana nan da rai, likita ya ce sai dai addu'a.

Ga godiyarta na isar maka, tunda amana ce. Ban ƙara mata komai ba, kuma ba zan ƙara ba. Ita ta samu abin da za ta riƙe ta tafi da shi. Ni da kai mun san saƙon bai iso ba.

Ƙanwarka,
Raihana